Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Rada, Taswirar Daji da Aikin Ɗalibin Hausa

A wani taron ƙara wa juna sani da na halarta a wani ƙauye na kudancin Maraɗi, an shimfiɗa wata taswira a kan tabarma domin manoma su gani. Launi biyu ne kawai a jikinta, kore da ruwan ƙasa. Wani tsohon ɗalibina ne ke yin tafinta, sai ya ce wa jama'a koren yana nufin daji, ruwan ƙasan kuma yana nufin inda ba daji ba. Wani dattijo ya matso, aka nuna masa garinsu da hanyar mota, ya bi da yatsa har ya kai makiyayar da ke gabas da gari, ya tarar an shafe ta da ruwan ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam, in nan ba daji ba ne, to ina muke kai dabbobi tun muna yara?" Na ce, "Baba, na'urar ba ta yi ƙarya ba, mu ne muka faɗi maganarta ba daidai ba." Ya yi murmushi irin na wanda bai gamsu ba, ya koma ya zauna.

Tun daga ranar nake ganin ya kamata ɗalibin Hausa ya san yadda ake yin irin wannan taswira. Ra'ayina a taƙaice shi ne: hotunan rada na taurarin ɗan'adam suna daga cikin mafi nagartar kayan aikin da aka samu wajen sa ido a kan itatuwa, kuma ya dace mu rungume su. Amma hukuncin cewa nan daji ne, can ba daji ba ne, hukunci ne na ma'anar kalma, kuma mutane ne ke yanke shi. Idan masu harshe suka bar wa masu na'ura wannan aiki su kaɗai, talaka ne zai ɗauki nauyin kuskuren.

Yadda rada take gani

Da farko a lura da rubutu: rada muke magana a kai, da "d" marar lanƙwasa, ba raɗa ta cikin kunne ba. Tauraron da ke ɗaukar hoto irin na kyamara yana dogara ne da hasken rana, don haka dare yana hana shi aiki, gajimaren damina da ƙurar hunturu su ma suna rufe masa ido. Rada kuwa da fitilarta take yawo. Tana aiko da igiyar lantarki zuwa ƙasa a karkace, sannan ta saurari abin da ya dawo mata, kamar mai kuwwa a gindin dutse yana jiran amsa. Wannan igiya tana ratsa gajimare da hazo, dare da rana. A ƙasashen kurmi irin su kudancin Kamaru da Gabon, inda sama kan yi watanni a rufe, wannan kaɗai ya isa ya sa a nemi rada.

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san maganar gajeren zango da matsakaicin zango. Igiyar rada ma tana da tsawon zangonta, kuma shi ne ke tantance abin da za ta ci karo da shi. Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a watan Afrilun 2014, zangonsa bai wuce santimita 5 da rabi da ɗan ɗori ba, don haka ganye da ƙananan rassa ne suka fi mayar masa da amsa. Radar PALSAR ta hukumar JAXA ta Japan, wadda ta fara aiki a kan tauraron ALOS daga 2006 zuwa 2011, aka kuma ci gaba da irinta a ALOS-2 tun 2014, zangonta ya kai wajen santimita 24. Irin wannan igiya tana kutsawa ta tsakanin ganye ta isa ga manyan rassa da kututture. A ƙarshen Afrilun 2025 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron Biomass mai zangon kusan santimita 70, domin auna nauyin itacen da ke tsaye a cikin manyan kurame. A watan Yulin shekarar kuma Amurka da Indiya suka harba NISAR. Abin riƙewa a nan shi ne, gwargwadon tsawon zango, gwargwadon kaurin abin da rada ke iya taɓawa.

Kwance da tsaye

Yanzu sai ainihin abin da ya bambanta wannan fasaha da rada ta da. A ɗaura igiya a turke, a kama ɗaya bakin. Idan aka kaɗa hannu sama da ƙasa, kaɗawar za ta bi igiyar a tsaye. Idan aka kaɗa hagu da dama, za ta bi ta a kwance. Igiyar lantarki ma haka take, tana da fuskar da take kaɗawa. Ni ina kiran wannan sifa da fuskar igiya, na'urar kuma rada mai auna fuskar igiya. Tana iya aikawa a kwance ko a tsaye, tana kuma iya sauraro a kwance ko a tsaye. Ke nan amsa huɗu ake iya samu: kwance-kwance, kwance-tsaye, tsaye-kwance da tsaye-tsaye. A jikin takardun masana za a ga an taƙaita su da haruffa HH, HV, VH da VV. Wasu taurarin duka huɗun suke aunawa, wasu biyu kawai.

Amfanin wannan yana fitowa idan aka duba abin da ke samun igiyar bayan ta sauka. Masana biyu, Freeman da Durden, sun fitar da wani tsari a 1998 da ya kasa amsar rada gida uku. Za a iya fahimtarsa da ƙwallon yara.

Idan aka jefa ƙwallo a karkace a kan daɓe mai santsi, tsalle ɗaya za ta yi ta wuce gaba, ba za ta dawo wa mai jifa ba. Haka ruwan tabki da fako da rairayi suke yi wa igiya, shi ya sa suke fitowa baƙi a hoton rada. Abin da ya ɗan dawo kuma yana dawowa da fuskar da ya tafi da ita.

Idan aka jefa ta a gindin bango, za ta bugi ƙasa, ta bugi bangon, ta dawo hannun mai jifa. Wannan shi ne tsalle biyu, kuma ana samunsa a gine-ginen birni da kututturan itatuwan da ruwa ya kwanta a gindinsu.

Idan kuwa aka jefa ta cikin sarƙaƙiya, za ta yi ta karo da rassa ta ko'ina, ba mai iya cewa ga inda za ta ɓullo. Rassan itace suna fuskantar kowane ɓangare, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu a gicciye. Igiyar da ta shiga cikinsu a kwance takan fito wani sashe nata ya juye ya koma a tsaye. Saboda haka amsar kwance-tsaye takan yi ƙarfi a kan itatuwa masu yawa, ta yi rauni a kan fili da gonar da aka girbe. Sirrin ke nan. Mai yin taswira yakan sa wani ma'auni, ya ce duk inda amsar kwance-tsaye ta haura shi a shafa kore, inda ta kasa a shafa ruwan ƙasa.

Da wannan hanya JAXA ta fitar da taswirar duniya ta inda ke da daji da inda babu, wadda kowane ɗigonta yake wakiltar fili mai mita 25 a kowane gefe, kuma kyauta ake saukar da ita daga intanet. Da hotunan Sentinel-1 ne kuma Jami'ar Wageningen ta Holan ta gina tsarin gargaɗi mai suna RADD, wanda ke nuna sabon sara a kurmin Kwango ko da a tsakiyar damina ne. A da sai mai sarar katako ya gama ta'adinsa ya tafi kafin sama ta washe a ɗauki hoto. Duk mai kishin itace dole ya yaba da wannan ci gaba.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai rada tsarin abu take aunawa, ba ta san sunansa ba. Gine-ginen da suka karkace wa hanyar tauraro sukan juyar da fuskar igiya kamar yadda rassa ke yi, har unguwa ta fito kamar kurmi. Gangaren dutsen da ya fuskanci na'urar yakan yi haske fiye da kima. Ƙasar da ta jiƙe da ruwan sama takan ƙara ƙarfin amsa, ta yadda fili guda zai ba da adadi biyu mabambanta a Afrilu da Agusta. Akwai kuma iyaka: idan itace ya yi yawa, wajen tan 100 a hekta guda, amsar rada mai zangon santimita 24 takan daina ƙaruwa, sai tsohon kurmi da wanda ya fi shi ƙuruciya su yi kama. Masana sun san waɗannan duka, suna kuma rage su ta hanyar haɗa hotuna na lokuta daban-daban da zuwa fili domin tantancewa.

Akwai matsalar da ta fi waɗannan, wadda ba a warware ta da gyaran na'ura. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce abin da take ƙirgawa a rukunin nan shi ne filin da ya haura rabin hekta, mai itatuwan da tsayinsu ya wuce mita 5, waɗanda inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa. Sannan ta cire duk filin da akasarin amfaninsa noma ne ko zaman birni. A yarjejeniyar Marakesh ta 2001 kan sauyin yanayi kuma an bar wa ƙasashe su zaɓi nasu ma'aunin inuwa tsakanin kashi 10 da kashi 30. Gana, alal misali, ta ɗauki kashi 15 da hekta guda. Fili ɗaya zai iya zama kore a wata taswira, ya zama ruwan ƙasa a wata, alhali ko reshe ɗaya ba a sare ba. Kuma a lura da sharaɗin noma: babu igiyar da za ta faɗa wa tauraro ko wannan fili gonar wani ce. Wannan sai an tambayi mutane.

Me Bahaushe yake nufi da daji?

Nan ne aikinmu ya shigo. A Hausa kishiyar daji ita ce gari. Daji shi ne inda ba gidaje, inda ake kiwo da farauta da neman itacen girki, ko da abin da ke cikinsa bai wuce sabara da geza da kalgo ba. Shi ya sa muke cewa naman daji, muke kuma cewa wane ya kwana a daji ko da a fili fetal ya kwana. Dawa da jeji ma wannan ma'anar suke ɗauke da ita. Idan Bahaushe yana son ya nuna cinkoson manyan itatuwa, kurmi yake cewa, kamar yadda fataken goro da ke zuwa Gwanja suka san ƙasashen kudu da sunan Kurmi. Idan nisa da rashin mutane yake nufi, sai ya ce dokar daji ko ƙungurmin daji. Yana da duhuwa da sarƙaƙiya ga inda ƙananan itatuwa suka cushe. Yana da saura ga gonar da aka bari ta huta, da fadama, da jigawa, da fako. Gandun daji kuwa kalma ce ta hukuma, tana nufin wurin da aka killace da doka, irin na Baban Rafi a kudancin Maraɗi, kuma jin ta kawai yakan tuno wa manomi da jami'i da tara.

To da wace kalma za a fassara koren taswirar? Idan aka ce daji, an faɗaɗa, an kuma jawo tambayar dattijon nan. Idan aka ce kurmi, an ƙuntata, domin filin da inuwa ta rufe kashi 10 nasa kawai ba wanda zai kira shi kurmi. Idan aka ce gandun daji, an shigo da maganar mallaka da hani, kuma manomin da ya ga an rubuta haka a kusa da gonarsa yana da dalilin tsorata. Tsohon ɗalibina bai yi sakaci ba. Ya ɗauki kalmar da ƙamus ya ba shi, bai san me aka auna ba. Da ya sani, da ya ce koren yana nuna inda manyan itatuwa suka yi yawa a wuri guda, ruwan ƙasan kuma inda suke jefi-jefi ko babu su. Da dattijon ya gyaɗa kai, domin makiyayarsu haka take.

Itatuwan da taswira ta manta

Babban abin alfaharin Nijar a fannin muhalli ya faru ne a cikin wannan ruwan ƙasan. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke shi, aikin da aka sani da sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa daga 1983. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu ƴan Nijar ya ƙiyasta cewa aikin ya shafi hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. A yi lissafi: itace 40 ke nan a hekta. Hekta guda tana ɗauke da ɗigo 16 na taswirar mita 25, wato itace biyu ko uku a kowane ɗigo, da yawansu kuma ƙanana. Sau da yawa amsarsu ba za ta haura ma'aunin ba. Ko ta haura, sharaɗin noma ya fitar da su. A 2020 ma wani bincike da Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen ya jagoranta ya ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel da hotunan kyamara masu kaifi, galibinsu a wuraren da ba a lissafa su cikin daji.

Gawo ya isa misali. Yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da hatsi ke bukatar rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabbobi ke bukatar abinci. Tauraron da ke neman koren ganye a watan Agusta gero zai gani, gawon ya ɓace masa. Rada mai dogon zango kuwa rassa take taɓawa, da ganye ko babu. Na'urar tana da abin faɗa game da gonakinmu, tana iya nuna inda itace ke ƙaruwa da inda yake raguwa. Mu ne muke toshe mata baki idan muka tilasta mata amsa da i ko a'a kawai.

A Gana da Kamaru lamarin ya juya. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta hana shigar da koko da gahawa da katako da wasu kayayyaki idan an samo su daga filin da aka share dajinsa bayan 31 ga Disamban 2020. Gonar kokon da ke ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa gona ce a idon dokar, amma daga sama tana iya kama da kurmi. Idan taswira ta shafa mata kore, manomin da ya gaji gonar daga kakansa zai iya tsintar kansa cikin zargin cin daji. A Sahel ana manta itacen manomi, a kudu ana manta gonarsa, kuma tushen kuskuren ɗaya ne.

Uzurin masu launi biyu

Za a ce mini duniya tana bukatar ma'auni guda domin a kwatanta Brazil da Kwango da Indunusiya, kuma idan kowace al'umma ta kawo kalmominta ba za a taɓa haɗa jimilla ba. Wannan magana gaskiya ce, ban kuma nemi a jefar da ma'aunin duniya ba. Tiya guda ake awo da ita a kasuwa domin a yi adalci. Amma mai awo ya san tiya yawan hatsi take faɗa, ba ta faɗin ko gero ne ko dawa, balle ta faɗi gonar da aka noma shi. Taswirar launi biyu ta dace da rahoton ƙasa da ƙasa. Idan aka sauko da ita ƙauye za a yanke hukunci a kan gonar mutum ko burtalin makiyaya, dole a ƙara mata launuka, a kuma ba su sunayen da masu wurin suka sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da nake kira gare shi

Ga ɗalibai, abu uku nake nema. Na farko, kada ku fassara kalmar kimiyya kafin ku tambayi abin da aka auna da yadda aka auna shi. Ƙamus yana ba da makusanciyar kalma ne kawai, sauran aikin naku ne. Idan kalma ɗaya ba ta wadatar ba, ku yi jimla. Jimlar da aka fahimta ta fi kalmar da ta ɓatar.

Na biyu, ku tattara kalmomin ƙasa da tsirrai daga bakin manoma da makiyaya da mata masu itace, kowace da wurin da ake nuna ta. Masu yin taswira ba sa iya koya wa kwamfuta bambance wurare sai da misalai daga fili, inda wani ya tsaya ya ce wannan saura ce, waccan duhuwa ce, wancan gonar gawo ce. Ɗalibin da ya yi kundinsa a kan sunayen filaye a Gulbin Kaba ko dazukan giginya na Gaya, ya haɗa da wurin da kowanne yake, ya yi aikin harshe, ya kuma samar da abin da masanin rada ke nema ruwa a jallo.

Na uku, ku gwada kalmomin da na kawo a nan: tsawon zango, fuskar igiya, kwance-tsaye, tsalle biyu. Ku faɗe su a gaban wanda bai yi boko ba ku ga ko ya kama zaren. Wadda ta faɗi ku kawo madadinta. Ta haka ne gajeren zango ya zauna a bakin masu sauraron rediyo har aka manta cewa wani ne ya ƙirƙiro shi.

Nijar ta yi dokar gandun daji a 2004, ta kuma fitar da wani ƙuduri a 2020 da ya amince wa manomi da haƙƙi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Irin waɗannan dokoki da taswira za a riƙa aiwatar da su nan gaba, kuma wani ne zai tsaya tsakanin taswirar da dattijon da ke zaune a kan tabarma. Mai yiwuwa ɗaya daga cikinku ne. Allah ya sa ranar ku san abin da koren yake nufi kafin ku buɗe baki.